Mis Ozella da Ciyawar Hukuma

Ina 'yar shekara tara ko goma na fara jin sunan Mis Ozella Mabry. Muna zaune a baranda ni da kakata Dovie muna ɓarar wake, sai maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan shinge tana dariya har da riƙe ciki.

"'Yar'uwa Dovie, kin ji Ozella ta sake kai musu?"

Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mota cike?"

"Fal! Har da ƙaya. Sai ta ƙofar baya magatakarda ya shiga ofis."

Na ce, "Kaka, wace ce Ozella? Me take kaiwa?"

"Ciyawa take kai wa hukuma. Tasu ce, tana mayar musu da abinsu. Ke dai ɓare wakenki, Renita."

Sai da na ƙara wayo na gane maganar. Garinmu ƙarami ne, a kudancin jihar Jojiya, maƙabartarmu kuma ɗaya ce, ƙofa ɗaya, suna ɗaya a kan allo. Amma in ka shiga ka miƙe, za ka tarar shingen waya ya raba ta biyu. Ta gaba, inda ƙasa take a shimfiɗe, nan fararen fata suke kwance, ciyawarsu a aske kamar kan ango. Bayan waya, inda ƙasa ta gangara zuwa rafi, nan namu baƙaƙen fata suke. Dokar da ta ce a raba mu ta mutu tun mahaifiyata ba ta zo duniya ba, amma ba wanda ya gaya wa injin yankan ciyawa. Ma'aikatan gari za su zo su aske ɓangaren gaba tas, da sun iso waya sai su juya. Haraji kuwa ba ya juyawa a waya. Har ƙofar gidanmu yake zuwa.

Mis Ozella direbar motar makaranta ce. Gajera ce kakkaura, kullum da hular maza a kanta, murya kuwa irin ta wadda ta saba tsawata wa yara cike da mota ba tare da ta waiwaya ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi birni. Mahaifiyarta da ɗanta na fari suna kwance a bayan waya. Ta yi ta sintiri zuwa majalisar gari tana cewa a riƙa gyara ɓangarenmu kamar yadda ake gyara nasu, su kuma suna ce mata ba a tabbatar da mai wannan filin ba, amma za a duba. Da ta ga dubawar ba ta da ranar ƙarewa, sai ta sayi adda. Ranar Asabar ta sare abin da za ta iya sarewa, ta loda a tsohuwar a-kori-kurarta, Litinin da sassafe ta juye shi a matakalar ofishin gari.

An taɓa turo mata ɗan sanda. Ta dube shi sama da ƙasa, yaro ne da ta sha kai wa makaranta yana majina, ta ce, "Ɗana, koma ka tambayo su. In ciyawar tawa ce, filin ma nawa ne, su faɗa a gaban jama'a. In tasu ce, su kwashe abinsu." Bai dawo ba.

Ba zan ce muku tana da daɗin zama ba. Ta yi faɗa da fararen fata, ta yi da namu. Ta taɓa tsayar da Fasto Gaines a tsakiyar wa'azi ta ce ya daina yi mana alkawarin lambu a sama alhali iyayenmu na cikin ƙaya a ƙasa. Mu matasa kuwa ba ta raga mana. In ta gan mu mun dawo daga zanga-zanga a birni riƙe da kwalaye, sai ta ce, "Sannunku da ihu. Asabar kuma a zo da safar hannu, kakanninku ba su iya karanta kwali ba." Duk da haka mutum ɗaya ba ya cin daji. Abin da ƙarfinta ya kai shi ne ta buɗe 'yan hanyoyi tsakanin kaburbura, sauran kuwa sarƙaƙiya ta rufe.

Yawancin namu na da ba su da dutse mai suna, don ba su da halin sa. Abin da ake yi shi ne a ɗora wa mamaci abin da ya yi amfani da shi na ƙarshe: kofinsa, farantinsa, kwalbar maganinsa, fitila, agogo. A kan fasa abin ko a huda shi, don kada mutuwa ta biyo sauran 'yan gida. Da waɗannan muke gane namu. Kakana Lemuel, wanda injin katako ya ci ƙarfinsa har ya mutu tun mahaifiyata tana ƙarama, kofin ƙarfe shuɗi ne a kansa, wanda yake shan gahawa da shi, Kaka ta huda gindinsa da ƙusa da hannunta. Ni ce a gidanmu mai riƙe irin waɗannan abubuwa, wa ya haifi wa, wa ya tafi arewa bai dawo ba, don haka tun da gwiwoyin Kaka suka hana ta gangarawa ni take aikawa in gaishe shi. Hanyar a kaina take: ka wuce mai agogo, ka wuce mai fitila, ka karkata dama wajen farantin tangaran mai furanni, sai ga kofin shuɗi.

Magana ɗaya Kaka take maimaita wa kowa, har mai kawo wasiƙa ya san ta. "In mutuwa ta zo, kusa da Lemuel za ku sa ni, ta hannun hagunsa, yadda muke kwana. Na bar wurina tun ranar da aka rufe shi."

A shekarar da ƙasa ta ɗauki zafi bayan ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata a idon duniya, na gama sakandare ina aiki a kantin magani, ina kuma jinyar Kaka, don zuciyarta ta fara gazawa. Fararen fatan garinmu da yawa abin ya taɓa su, ban musa ba. Wasu sun kafa allunan nuna mana goyon baya a ƙofar gida, wasu in sun gan ka a kanti sai su yi ta murmushi har ka tsargu. Mutanen babbar majami'ar da ke tsakiyar gari kuwa suka zauna a tsakaninsu suka yanke shawarar yin abin da ya fi allo. Za su gyara mana maƙabarta. Kuma don abin ya yi armashi, ba za su gaya mana ba, sai dai mu gani.

Suka zaɓi Asabar ɗin da majami'armu take zuwa taron shekara a wani gari, ranar da unguwarmu take zama kamar an share. Da la'asar muna dawowa a babbar mota, muka biyo ta gefen maƙabarta, sai wata ta ce, "Kai, ku duba!" Bayan waya ya zama fili fetal. Babu ƙaya, babu sarƙaƙiya, ana hango rafi daga titi. Wasu har sun fara tafi.

Mis Ozella ta miƙe ta ce wa direba, "Tsaya."

"'Yar'uwa, nan ba wurin tsayawa ba ne."

"Na ce ka tsaya, ko in zo in nuna maka inda birki yake!"

Muka sauka, na bi bayanta. Sun sare daji, wannan gaskiya ne. Sun kuma bi da manjagara sun tsince duk abin da suka ɗauka shara ce: fasassun faranti, kwalabe, kofuna masu tsatsa, duwatsun rafi da aka kafa a kan jarirai. Wani mai kirki ma ya kawo ƙaramar tarakta ya cike duk inda ƙasa ta lotsa, ya baje ta sumul, don kada tsoho ya yi tuntuɓe. Lotsawar nan kuwa ita ce kabari.

Na tsaya inda nake zaton mai agogo yake, na juya dama, na juya hagu. Ko'ina jar ƙasa ce iri ɗaya da sawun taya. Na ce, "Mis Ozella, ina Kakana?"

Ta yi gaba, ta dawo, ta auna da itacen da ke bakin rafi, ta sake dawowa. Can ta ce, "Yarinya, ni ma da kofin nake gane shi."

Washegari tun da farar safiya ta yi mini oda a ƙofar gida. Jujin gari muka nufa. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu ta hau tsibin shara da takalmin zuwa coci, tana farke baƙaƙen ledoji da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, ni ina karɓa ina lodawa. A cikin wata leda, tare da gwangwanin lemon da suka sha suka jefa, na tsinci kofin shuɗi.

Ba cocinmu muka je ba. Ta tsayar da mota a gaban babbar majami'a, ta shimfiɗa tamfol a kan ciyawarsu mai kyau, muka jera kayan kamar 'yan koli. Da aka tashi daga sujada suka fito cikin kwalliya, suka yi cirko-cirko. Misis Suttles, wadda ta jagoranci aikin, malamar jinya ce da ta yi ritaya, ta taho da fara'arta.

"Ozella! Kin ga aikin? Mun so ne mu ba ku mamaki."

"Misis Mabry nake. Ozella na waɗanda suka san ƙofar gidana ne. Mamaki kuwa kun ba mu, Allah ya sani." Ta sunkuya ta ɗauki rabin faranti. "Kin san wannan? Na Hattie Greer ne, wadda ta yi renon mijinki. Kin san inda take kwance? Ni ma jiya da safe na sani."

Fara'ar ta gudu daga fuskar matar. Wani dogo a bayanta, mai taraktar, ya ce, "Baiwar Allah, ba fa da ka muka yi ba. Sai da muka nemi izini a ofishin gari."

Mis Ozella ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Ashe suna da izinin bayarwa! Na tsufa a kan matakalarsu suna ce mini ba su san mai filin ba. Ku kuka je sau ɗaya, sai ga mai fili ya bayyana." Ta juya ga Misis Suttles. "Ni da ke muna haɗuwa a kanti, muna haɗuwa a gidan mai. 'Ya'yanki duka ni na kai su makaranta, na san wanda ke amai in an hau tudu. Bakinki ya kasa cewa, Misis Mabry, me kuke buƙata? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ku kuwa kun zo kun yaye rufin gaba ɗaya kuna jiran godiya."

Sai matar ta fashe da kuka.

"A'a, a'a. Kada ki yi mini kuka. In kika yi, ni zan koma ina rarrashinki, mutanenki su ce na ci zalinki, maganar ta tashi daga kan matattunmu ta koma kan hawayenki. Share fuskarki."

Ta share. Zan ba ta wannan, ta share, ta ce, "To me za mu yi?"

"Yanzu kika yi tambayar da ya kamata ki yi tun farko. Ki je ki gaya wa Dovie Whitlow da bakinki abin da kuka yi wa mijinta. In majalisa ta zauna kuma ki zo ki tsaya a gaba, ki ce a cire wayar nan, injin gari ya riƙa wucewa har rafi. Ba na son manjagararku. Muryarku nake so, tunda ita ake ji."

Misis Suttles ta zo gidanmu da yammacin ranar, ita kaɗai. Kaka tana jingine da matasai a gado. Ta sa na kawo wa baƙuwa shayi mai ƙanƙara da burodin masara, don ko maƙiyi ba ya shiga gidanta ya fita da yunwa. Matar ta faɗi komai, ba ta ɓoye ba, ba ta kuma kare kanta ba. Na miƙa wa Kaka kofin. Ta juya shi, ta sa ɗan yatsa a hudar da ta yi da ƙusa.

"Wannan nasa ne," in ji ta. "To ina shi?"

Kaka ta ajiye kofin a cinyarta, ta dubi matar.

"Garin neman gira kun rasa mini ido, 'yar nan. Sha shayinki kada ƙanƙarar ta narke."

Ranar zaman majalisa na ga abin da ban manta ba. Waɗanda suka cika maƙabarta da manjagara suna ɗaukar hoto, ko rubu'insu bai zo ba. Sare ƙaya ya fi sauƙi a kan ka tsaya a gaban maƙwabcinka, wanda kuke cin abinci tare, ka ce masa ya yi zalunci. Amma Misis Suttles ta zo, mai tarakta ma ya zo, da wasu 'yan ƙalilan. Misis Suttles ta miƙe ta faɗi abin da Mis Ozella ta shekara da shekaru tana faɗa. Shugaban majalisa ya gyaɗa kai, ya ce lallai wannan magana ce mai muhimmanci, ya yi mamakin yadda ba a taɓa kawo ta da kyau haka ba.

Daga can baya Mis Ozella ta ce, "Maganata ce fa, ko wasali ba ta canza ba! Kunnuwanku launin fata suke ji?"

Aka buga tebur, aka ce a yi shiru. Amma kafin wata ya ƙare an cire wayar, injin ya wuce har bakin rafi. Mutane suka yi ta murna, jaridar yanki ta buga hoton Misis Suttles tana riƙe da guntun waya. Ita da kanta ta je ta ce su gyara labarin, su sa sunan Mis Ozella. Suka gyara a can ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe.

Ni ba ta waya nake ba, ta Kakana nake. 'Yan babbar majami'ar suka ɗauko wani mutum daga birni da na'ura mai kama da keken jarirai, wadda ke ganin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ya yi ta tura ta sama da ƙasa yana kafa 'yan tutoci. Kaburbura suka fito layi-layi, sun ninka abin da kowa ya zata, har ƙarƙashin inda wayar take da. Amma na'ura ba ta san suna ba. Abin da ta iya nuna mana shi ne layin da muke zaton Kakana yake, da 'yan gurabe da babu kowa a ciki, kowanne yana hagun wani. Ɗaya daga ciki wurin Kaka ne. Wanne? Mis Ozella ta ce na kusa da itace, kawuna ya rantse na sama ne, ni kuma da nake taƙama da riƙe tarihin gida na tsaya kamar baƙuwa.

Na ce da Kaka ko in mayar da kofin inda muka fi zato. Ta ce, "Ba zan ɗora kofin mijina a kan mijin wata ba." Da dangi suka taru suna gardamar gurbi a gabanta, ta ɗaga hannu ta ce, "Ku sa ni a na tsakiya ku huta. Lemuel bai taɓa kasa gano inda nake ba, balle in ya ji ƙamshin girki." Kowa ya yi dariya, aka watse da sauƙin zuciya. Sai da ɗaki ya rage ni da ita, ina gyara mata matashi, ta juya fuska bango ta ce, "Tun da ya tafi gefe ɗaya na gado nake kwana, Renita. Ban taɓa roƙon garin nan komai ba. Taku biyu na ƙasa kawai na ajiye."

Ta rasu da sanyi ya fara shigowa. Muka sa ta a na tsakiya. Ko tana hagun Lemuel, ko tana hagun wani bawan Allah da ba ta taɓa sani ba, ba mu da mai gaya mana.

Mis Ozella tana nan da ranta. Ido ya hana ta tuƙi, amma duk ranar yankan ciyawa sai ta sa an kai ta ta zauna a kujera tana kallon injin, wai kada ya manta hanya ya juya a inda ya saba. Misis Suttles ce ke kai ta yawanci, suna tafe suna faɗa.

Ranar jana'izar Kaka jama'a sun cika, har da shugaban majalisa cikin baƙar kwat. Fasto Gaines ya tsaya a bakin rami ya yi ta yabon marigayiya. Ya ce mace ce mai haƙuri, an yi mata ba ta rama ba, an ɓatar mata ba ta ɗaga murya ba, haƙurin mutanenmu shi ne adonsu. Na hangi shugaban majalisa yana gyaɗa kai, abin yana yi masa daɗi.

Sai na ji an damƙi hannuna, damƙa mai zafi. Mis Ozella ce. Ta jawo ni ƙasa daidai bakinta, da raɗar da rabin maƙabarta ta ji, ta ce:

"Renita, ke ce mai riƙe labari. In tawa ta zo, ki tsaya kusa da faston nan. In ya buɗe baki ya ce ni mai haƙuri ce, ki tsayar da shi. Ki gaya musu ban haƙura ba, ban kuma yafe wayar nan ba. Ki ce da fushina na tafi."